Fasahar Laida: Yadda Ake Awo Da Hasken Leza Daga Nesa, Kasuwarta Da Amfaninta A Yankin Suleja

Laida fasaha ce ta auna nisan abubuwa da siffarsu ta hanyar harba musu hasken leza, sannan a ƙididdige lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya dawo. A takardun kamfanoni da jikin na'urori ana rubuta sunan LiDAR. Ɗan bambanci ne tsakaninta da rada, wadda ake gano jiragen sama da ita: rada tana aiki da igiyoyin rediyo, ita kuwa laida da haske. Da yake hasken leza siriri ne, ba ya bazuwa sosai, yana iya bambance waya da reshen bishiya, ko bakin kwalbati da ƙasar da ke gefensa.

A 'yan shekarun nan farashin wasu nau'o'in wannan na'ura ya faɗi ƙwarai saboda masana'antar motoci. Sai dai a garuruwa irin Suleja da ke Jihar Neja, babban amfaninta yana wajen awon ƙasa ne: sanin tudu da kwari dalla-dalla, domin maganin ambaliya, lissafin dutsen da aka fasa, da kula da layukan lantarki da bututu. A wannan fanni, samun ƙwararrun da za su sarrafa bayanan ya fi sayen na'urar wuya.

Yadda take aiki

Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Idan na'ura ta harba haske zuwa dutsen da ke nisan kilomita 1.5, hasken zai yi tafiyar kilomita 3, zuwa da dawowa, cikin kashi ɗaya bisa 100,000 na daƙiƙa. Na'urar tana auna wannan lokaci, ta ninka shi da gudun haske, ta raba biyu, sai nisan ya fito. Dole agogon da ke cikinta ya zama mai tsananin daidaito, domin kuskuren kashi ɗaya bisa biliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren kusan santimita 15 a awo.

Harbi ɗaya yana ba da nisan wuri ɗaya tak. Saboda haka na'urorin zamani suna harbi sau dubu ɗaruruwa, wasu ma sama da miliyan, a kowace daƙiƙa, yayin da madubi mai juyawa ke karkata hasken dama da hagu. Kowane harbi da ya dawo yana zama ɗigo ɗaya mai adireshinsa: gabas, arewa da tsayi. Idan aka tara miliyoyin ɗigon a kwamfuta, sai siffar wurin ta bayyana da tsawo da faɗi da zurfi, har a iya juya ta a dube ta ta kowace fuska.

Idan na'urar tana kan jirgin sama ko mota, sai an haɗa ta da wasu abubuwa biyu. Na farko na'urar GPS mai inganci, wadda ke nuna inda jirgin yake a kowane lokaci. Na biyu na'urar da ke auna karkacewar jirgin da girgizarsa. In babu waɗannan, an san nisan abin da haske ya taɓa, amma ba a san gurbinsa a taswira ba.

Wani abin da ya sa masu safiyo suka rungumi laida shi ne yadda take aiki a daji. Hasken ba ya huda ganye, amma yana kutsawa ta ratar da ke tsakanin ganyaye. Harbi ɗaya kan dawo sau da dama: daga kan bishiya, daga rassan tsakiya, sannan daga ƙasa. Da manhaja ake tsame bishiyoyi da gine-gine, a bar tsurar ƙasa. Da haka ne a shekarar 2018 masana suka sanar da gano tsoffin gine-gine sama da 60,000 na al'ummar Maya a ƙarƙashin kurmin arewacin Gwatamala.

Abin da ake nufi da dogon zango

Ma'anar dogon zango ta danganta da irin aikin. Laidar da kamfanin Apple ya fara sa wa wasu wayoyinsa a 2020 ba ta wuce mita 5 ba. A wajen masu ƙera motoci, na'urar da ke hango abu daga mita 200 zuwa 250 ita ce mai dogon zango, domin motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cinye mita 200 cikin kusan daƙiƙa 7. A wajen masu haƙar ma'adinai, ana maganar kilomita ne: kamfanin Riegl na ƙasar Ostiriya yana da na'urar da ake kafawa a kan ƙafafu uku, VZ-6000, mai kaiwa mita 6,000. Tauraron ɗan Adam na ICESat-2, wanda hukumar NASA ta Amurka ta harba a watan Satumban 2018, yana auna tsayin ƙanƙara daga nisan kusan kilomita 500, da harbi 10,000 a daƙiƙa.

Abubuwa uku ne ke iyakance nisa. Na farko, hasken da ke dawowa yana raguwa da sauri: idan nisa ya ninka biyu, abin da ke dawowa kashi ɗaya ne cikin huɗu. Na biyu, launin abin da aka harba: farin bango yana mayar da haske da yawa, baƙar taya ko jiƙaƙƙiyar kwalta kuwa suna shanye mafi yawansa. Shi ya sa kamfanonin da ke bayyana gaskiyar kayansu suke faɗin nisan da na'ura ke kaiwa a kan abin da ke mayar da kashi 10 cikin 100 kawai. Na uku, lafiyar ido: doka ba ta yarda a ƙara wa leza ƙarfi yadda aka ga dama ba.

Kamar yadda tashoshin rediyo suke da mitocinsu, haka hasken leza yake da nasa zangon, wanda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya bisa biliyan na mita. Mafi yawan na'urorin mota suna kan nanomita 905, domin kayan haɗinsu suna da araha. Wasu suna kan 1550, wanda ruwan gaban ido ke shanyewa kafin ya isa can ciki, don haka ana iya ƙara masa ƙarfi ya yi nisa, sai dai kayan haɗinsa suna da tsada. Na jiragen safiyo galibi suna kan 1064. Duk waɗannan ido ba ya ganin su. Koren haske mai nanomita 532 shi ne ke ratsa ruwa, kuma da shi ake auna zurfin gaɓar teku da tafkuna masu garau.

Taƙaitaccen tarihi

Theodore Maiman ne ya ƙera leza ta farko a 1960, a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Amurka. Ba a jima ba aka fara gwada ta wajen auna nisa da nazarin gajimare. A 1971 kumbon Apollo 15 ya yi amfani da ita wajen auna tuddai da kwarurrukan wata. Awon ƙasa da laida daga jirgin sama bai zama sana'a ba sai cikin shekarun 1990, lokacin da GPS ya inganta.

Motoci masu tuƙa kansu ne suka sauya akalar kasuwar. Kamfanin Velodyne, wanda asalinsa na ƙera lasifikoki ne, ya fito da na'ura mai leza 64 da ke juyawa a kan rufin mota, kuma mafi yawan motocin da suka kammala gasar da hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, ta shirya a 2007 da ita suka yi aiki. Farashinta ya kai kusan dala 75,000. A 2017 kamfanin Audi ya fito da motar A8 ɗauke da laidar kamfanin Valeo na Faransa, wadda aka ƙera domin motocin kasuwa.

Yadda kasuwar take

Kasuwar laida ta kasu gida uku, kowanne da masu sayensa da farashinsa.

Kashi na farko shi ne na motoci, kuma shi ya fi yawan na'urori. A nan kamfanonin ƙasar Sin ne a gaba. Hesai na birnin Shanghai da RoboSense na birnin Shenzhen kowannensu ya sayar da na'urori sama da rabin miliyan a shekarar 2024. Hesai ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a watan Fabrairun 2023, RoboSense kuma ta Hong Kong a watan Janairun 2024. A ƙarshen 2024 Hesai ya sanar da sabuwar na'ura mai dogon zango da farashinta bai kai dala 200 ba. Wannan gogayya ta yi wa kamfanonin Yamma illa: Ibeo na Jamus da Quanergy na Amurka sun karye a 2022, Velodyne kuma ya haɗe da Ouster a watan Fabrairun 2023. Har yanzu masu ƙera motoci ba su zama baki ɗaya ba. Waymo yana dogara da laida a motocin hayarsa marasa direba, Tesla kuwa ya zaɓi kamara.

Kashi na biyu shi ne na masana'antu da rumbunan ajiya. Kamfanoni irin SICK na Jamus suna ƙera na'urorin da ke tsayar da inji idan ma'aikaci ya matso wurin haɗari, da masu yi wa motocin ɗaukar kaya jagora a cikin sito, da masu taimaka wa ƙugiyoyin tashar jiragen ruwa wajen jera kwantena. Akwai kuma masu auna gudun iska a sama, waɗanda ake kafawa kafin a gina injinan samar da lantarki daga iska.

Kashi na uku shi ne na safiyo da taswira, wanda ya fi shafar Najeriya a yanzu. Manyan sunaye a nan su ne Riegl, da Leica Geosystems na Suwizalan, da Teledyne Optech na Kanada, da Trimble na Amurka. Na'urorinsu ba su bi sahun na motoci wajen araha ba, saboda ana ƙera su kaɗan-kaɗan ne kuma ana neman daidaiton santimita daga gare su. Wadda ake ɗora wa jirgin sama tana cin ɗaruruwan dubban daloli. Abin da ya kawo sauƙi shi ne jirage marasa matuƙi: kamfanin DJI na Sin ya fito da jerin na'urorin Zenmuse masu laida, waɗanda ƙaramin ofishin safiyo zai iya tara kuɗi ya saya.

Daga waje ake shigo da waɗannan na'urori Najeriya, da dala ake biya. Bayan sauyin tsarin canji na watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da naira 1,400 a cikin 2024, don haka saukin da aka samu a kasuwar duniya bai iso hannun mai saye na gida gaba ɗayansa ba. Wannan ya sa ga mafi yawan masu buƙata, hayar ƙwararren da ke da na'ura ya fi mallakarta ma'ana.

Suleja da matsalar ambaliya

Suleja ita ce tsohuwar Abuja, garin da Sarkin Zazzau Abu Ja ya kafa a 1828, wanda ya bar wa sabon babban birnin tarayya sunansa bayan shawarar da aka yanke a 1976. Kusancinta da Abuja ya jawo mata ɗimbin ma'aikata da 'yan kasuwa masu neman muhalli mai sauƙin kuɗi. Gari ne mai duwatsu da gangare, Kogin Iku da ƙoramu suna ratsa shi, gidaje kuma sun yi ta matsawa zuwa bakin ruwa. A watan Yulin 2017, da kuma Yulin 2020, ambaliya ta ci rayuka ta rushe gidaje a garin. A ƙarshen watan Mayun 2025 kuma ambaliyar Mokwa, duk a Jihar Neja, ta hallaka mutane fiye da 150.

Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, da hukumar NIHSA mai lura da koguna suna fitar da hasashen damina da na ambaliya duk shekara. Hasashen yana nuna jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Amma sanin layin da ruwa zai fara shiga a unguwa, da gidan da zai tsira, yana buƙatar taswirar tudu da kwari mai zurfin bayani. Taswirar tsayin ƙasa ta kyauta da aka daɗe ana amfani da ita a duniya, wadda kumbon Endeavour ya ɗauko da rada a watan Fabrairun 2000, tana ba da awo ɗaya ne ga kowane fili mai faɗin mita 30, kuma kuskurenta kan kai mitoci. A irin wannan fili ana iya samun gida biyu da lambatu a tsakani. Laidar jirgin sama kuwa tana saukar da ɗigo da dama a kowace murabba'in mita, da kuskuren tsayi na kusan santimita 10.

Da irin wannan taswira injiniya zai iya gwada ruwan sama mai yawa a kwamfuta, ya ga inda zai taru, da kwalbatin da ya yi masa kaɗan, da ginin da ya toshe masa hanya. Hukuma kuma za ta samu hujjar da za ta nuna wa mai fili dalilin hana shi gini. Ƙasar Holan, wadda wani ɓangarenta ke ƙasa da tsayin teku, ta auna ƙasarta kaf da laida tun ƙarshen shekarun 1990, kuma tana maimaita awon lokaci-lokaci.

Fasa dutse da haƙar ma'adinai

Dutsen Zuma da ke Madalla, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100, alama ce ta irin ƙasar yankin. Gine-ginen Abuja da kewaye suna cin tsakuwa mai yawa daga wuraren fasa dutse da ke zagaye da birnin. A irin waɗannan wurare, lissafin tarin tsakuwa da ƙirgen tifa ko da ƙiyasin ido yana jawo saɓani tsakanin mai wuri, ɗan kwangila da jami'in haraji. Jirgi marar matuƙi mai laida zai iya kewaya wurin cikin ɗan lokaci ya fitar da girman kowane tari. Idan aka maimaita awon bayan wata guda, bambancin da ke tsakani shi ne abin da aka fasa ko aka kwashe.

A manyan ma'adinai na duniya ana kafa na'ura mai dogon zango nesa da rami, ta riƙa auna bangonsa a kai a kai domin gano motsin da ke gabatar zaftarewa, ba tare da an tura mutum wurin haɗari ba. Ruftawar ramin haƙar ma'adinai a Galadiman Kogo da ke Ƙaramar Hukumar Shiroro a watan Yunin 2024 ta nuna yadda batun tsaron ma'aikata yake da nauyi a jihar.

Layukan lantarki, bututu da hanyoyi

Jihar Neja ce ke ɗauke da madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, kuma manyan layukan lantarki masu ƙarfin kilobolt 330 suna ɗaukar wuta daga Shiroro zuwa Abuja. Waya tana saki idan zafi ya yi yawa, bishiyoyi kuma suna tsawo da damina. Laida daga jirgi mai saukar ungulu ko marar matuƙi tana auna tazarar da ke tsakanin waya da reshe ko rufin da aka gina a ƙarƙashinta, sai a san inda za a tura masu sara tun kafin layi ya katse.

Haka batun yake ga bututu. Bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020, yana bi ta yankin Abuja da Jihar Neja. Awon laida yana nuna inda zaizaya ke neman tone bututu, da inda aka yi gini a kan hanyarsa. Akwai kuma wani nau'in leza na daban da ake saita shi kan zangon da iskar gas ke shanyewa, wanda ke gano yoyo daga nesa.

A aikin hanya, kamar ta Suleja zuwa Minna ko ta Abuja zuwa Kaduna, ana ɗora na'urar a kan mota ta auna kwalta, kafaɗar hanya da gadoji tana tafe. Masu safiyo ba sai sun tsaya a tsakiyar titi ba, kuma ana samun ainihin lissafin ƙasar da aka yanke da wadda aka cike, wanda a kansa ake biyan ɗan kwangila.

Abin da ba ta iya yi

Laida ba ta ganin ƙarƙashin ƙasa, saboda haka ba ta gano zinariya, ruwan rijiya ko bututun da aka binne. Ba ta ratsa gurɓataccen ruwa irin na kogunan damina. Ba ta kuma san mai fili ba: tana nuna katanga da shinge, amma mallaka sai takarda da shaidu.

Yanayi ma yana da tasiri. Ruwan sama, gajimare da hazo suna warwatsa hasken kafin ya isa inda aka nufa. A arewacin Najeriya ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tana rage nisan da na'ura ke kaiwa, tana kuma haifar da ɗigon ƙarya da sai an tace. Da damina kuwa ciyawa da shuka suna rufe ƙasa. Don haka zaɓen ranar awo wani ɓangare ne na aikin. Alkaluman nisa da ke cikin takardun talla galibi a sararin da babu ƙura aka gwada su.

Doka da ƙwarewa

Tashi da jirgi marar matuƙi domin kasuwanci a Najeriya yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, da amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Takardar safiyo kuma ba ta da ƙarfi a hukumance sai da sa hannun wanda ya yi rajista da majalisar masu safiyo ta ƙasa, SURCON, wadda aka kafa a 1989. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ne ke kula da taswirar ƙasa, yayin da hukumar NIGIS ke riƙe da bayanan filaye a Jihar Neja.

Akwai wani batu da ya danganci jihar kai tsaye. Tsofaffin taswirori da takardun filaye na Najeriya an gina su ne a kan ma'aunin da ake kira na Minna, domin a can aka kafa tushen awon ƙasar tun zamanin mulkin mallaka. GPS kuwa yana aiki da ma'aunin duniya na WGS 84. Idan aka ɗora sabon awo a kan tsohuwar taswira ba tare da an daidaita ma'aunan biyu ba, iyakar fili tana iya gocewa da gomman mitoci, abin da ya isa ya haddasa shari'a tsakanin maƙwabta.

Wannan ne ya sa horar da mutane ya zama ginshiƙin al'amarin. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo da cibiyar AFRIGIST da ke Ile-Ife duk suna koyar da safiyo da sarrafa bayanan ƙasa. Awon rana ɗaya yana iya cika ma'ajiyar kwamfuta, tace shi kuma ya ɗauki kwanaki, da injin mai ƙarfi da lantarkin da ba ya yankewa.

Masu ba da irin wannan kwangila, hukuma ce ko kamfani, sukan rubuta wasu sharuɗɗa a yarjejeniya: yawan ɗigo a kowace murabba'in mita, iyakar kuskuren da aka yarda da shi, wuraren da za a auna a ƙasa domin tantance sakamakon, ma'aunin da za a miƙa taswirar a kansa, da kuma wanda zai mallaki ɗanyen bayanan. Sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci ga gari kamar Suleja, domin awo ɗaya da aka yi don magudanan ruwa zai iya amfanar masu tsara gari, masu aikin hanya, hukumar filaye da hukumar agajin gaggawa ta jiha, muddin an adana shi inda dukansu za su iya samu.